Yadda ake raya tsohon gidan ƙasa a garuruwan Kebbi

Ginin da ake kira Gidan Tarihi na Kanta a Argungu an gina shi ne a 1831, ya kasance fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942, sannan aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Shi kuwa Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, wanda yanzu yake cikin Jihar Sakkwato, ya zama kufai duk da ganuwarsa ta dutse, domin mutanensa sun tashi. Saboda haka matakin farko ga wanda ya gaji tsohon gida a Argungu, Gwandu ko Birnin Kebbi shi ne ya tabbatar akwai mai kwana a ciki, ko da ɗan haya ne ko malamin allo, domin ɗakin da aka garƙame ba a sanin yana yoyo sai ya rufta.

Babban abokin gabar ginin ƙasa ruwa ne, don haka aikin gyara na bazara ne, ba a jira sai hadari ya haɗo. A hau kan soro a share ƙasa da ganye da kashin tsuntsaye, a tuge duk ciyawar da ta tsiro tun saiwarta ba ta nutsa ba, sannan a bi indararo ɗaya bayan ɗaya. Indararon da ya toshe yana mayar da saman soro tafki, wanda ya gajarta kuma yana zubo ruwa a jikin bango har ya yi masa kwari. A zuba bokitin ruwa a ga inda ya bi: idan ya kwanta a wani wuri, nan ne za a cike a daɓe, a karkata shi zuwa bakin indararo. Rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye saman soro, da zankwaye, wato tsinayen da ake ginawa a kusurwoyinsa, su ne ruwan sama yake fara ci, sai a sabunta yaɓensu kowace shekara.

A nan ne masu gida da yawa suke yin kuskuren da ya fi kowane tsada, wato shafe bangon ƙasa da siminti. A ido yana da kyau, amma siminti ba ya kama ƙasa da gaske, kuma idan ya tsage ruwa ya shiga, ba ya barin laima ta fita, sai tubali ya riƙa jiƙa daga ciki alhali waje yana nan sumul. A ƙwanƙwasa irin wannan bango da ɗan yatsa. Idan aka ji yana amo kamar ganga, to ya riga ya rabu da ƙasar. Abin da ya dace shi ne a yi yaɓe da irin ƙasar da aka yi ginin, a cuɗa ta da busasshiyar ciyawa, a bar kwaɓin ya kwana biyu yana tsima ana tattaka shi, a yayyafa wa bangon ruwa kafin a yaɓa, kuma a yi shi siriri hawa-hawa maimakon kauri ɗaya. Daga ƙarshe a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin tana sa ruwa ya zame. Tsofaffin magina da suka san wannan haɗi suna ƙarewa, kuma a ganina kuɗin da aka biya ɗayansu, tare da sa yaran gida su tsaya su kalli hannunsa, ya fi kuɗin buhunan siminti amfani.

Gindin bango yana buƙatar ido na musamman, musamman a unguwannin da aka yi sabon titi ya fi daɓen gidaje tudu, ko aka toshe kwata da shara. Wannan ba aikin gida ɗaya ba ne. Sai maƙwabta sun haɗu, ta hannun mai unguwa, sun yashe magudana kafin ruwan farko. A ciki kuma a duba azara, wato itacen da ke riƙe da rufi, a soka mata tsinken ƙarfe a daidai inda ta shiga bango, domin nan gara take ɓuya. Wadda ta ruɓe a tokare rufin tukuna, sannan a musanya ta da azarar giginya.

Kafin a taɓa zane ko bakan gizo na zaure, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe da rufinsa, a ɗauki hotonsu da waya ta kowace fuska, a kuma zauna da dattawan gidan a naɗi bayaninsu: wa ya gina, wane malami ya karantar a ciki, auren su wa aka ɗaura a wurin. Tarihin unguwa mafi yawansa ba ya cikin littafi, yana cikin irin waɗannan zauruka ne.

Sauran magana ita ce gado. Idan magada suka tashi rabo, ana iya yin shawara a ƙiyasta kuɗin gidan, wanda zai zauna ya biya sauran haƙƙinsu, ko kuma a amince a bar zaure a matsayin na kowa, a rubuta yarjejeniyar a gaban shaidu. Idan gidan yana da alaƙa da sarauta ko wani sanannen malami, a sanar da masarauta da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa kafin a sayar ko a rushe wani sashe nasa.