Kurakuran da malaman nazare suka fi yi wajen ciyar da yara lokacin tara, da yadda za a gyara

A nazare da yawa na garuruwanmu, da an kaɗa ƙararrawar tara burin anti ɗaya ne, kowace kula ta koma gida wayam. Kuma ba laifinta ba ne ita kaɗai, don idan yaro ya dawo da abinci uwa ce za ta bugo waya tana faɗa wai ba a kula mata da ɗa. To daga wannan tsoron ne yawancin kurakuran suke fitowa, kuma wallahi abin yana damuna, yaran nan fa 'yan shekara 2 zuwa 5 ne, ba su da bakin kare kansu.

Mafi muni shi ne ɗura. A matse yaro tsakanin ƙafafu yana kuka ana cusa masa cokali, ko a ce buɗe baki ko in kira dodo, wata ma da bulala a gefenta. Yaron da yake kuka yana jan numfashi ne da ƙarfi, loma tana iya bin hanyar iska ta shaƙe shi, ko bai shaƙe ba ya riga ya koyi cewa lokacin abinci lokacin tashin hankali ne. Wata masaniyar abinci 'yar Amurka, Ellyn Satter, ta raba aikin gida biyu, babba ne yake zaɓar me za a ci da yaushe da kuma a ina, yaro kuma shi yake yanke ko zai ci da yawan da zai ci. Cikin yaro kusan girman dunƙulen hannunsa ne, ina zai kai kula cike da shinkafa? Ki zuba masa kaɗan a faranti, in ya cinye ki tambaye shi ko a ƙaro. In sabon abu ne kamar faten kabewa ko zogale ya kau da kai, ki ƙyale shi, yara da yawa sai sun ga abu sau 10 ko fiye kafin su yarda su ɗanɗana. Haka ma "cinye in ba ka alawa", wannan yana koya masa ne cewa alawar ce abin so, abincin kuma wahala ne.

Sai barin yara suna ci suna guje-guje, anti tana can tana makin littattafai ko danna waya. Yaron da abu ya toshe wa maƙogwaro gaba ɗaya ba ya ihu fa, ba ya iya tari ma, sai dai ki ga ya riƙe wuya idanu sun fito, shi ya sa dole ki zauna tare da su a tabarma ko tebur kowa a zaune kina ganin fuskokinsu. Gyaɗa, aya, gugguru, alawa mai tauri, dabino da ƙwallonsa, inabin da ba a tsaga ba, duk bai kamata a ba ƙananan nan ba, nama a yayyanka ƙanana, kifi a cire ƙaya. Idan yaro yana tari da ƙarfi a bar shi ya yi, kar a zura masa yatsa a baki a lalube, kar a ɗura masa ruwa. In ya kasa numfashi kuma ya wuce shekara 1, a sunkuyar da shi a bugi tsakanin kafaɗunsa sau 5, in bai fito ba a tsaya ta bayansa a matsa saman cibiya ciki da sama sau 5, ana maimaitawa wani kuma yana nemo taimako. Wannan abu ne da ake koya da hannu, masu makarantu don Allah ku nemo ma'aikatan lafiya ko 'yan Red Cross su horar da malamanku har da nani.

Wanke hannu a roba ɗaya kuwa, yaro na ƙarshe da dauɗar ajin gaba ɗaya yake wankewa. Buta da sabulu kawai ake buƙata, ana zuba wa kowa yana cuɗawa kamar daƙiƙa 20, musamman da damina lokacin amai da gudawa. Nanin da ta canza famfas ta wanke nata kafin ta taɓa cokali, kuma kowa da cokalinsa da kofinsa.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba, abincin da aka dafa tun ƙarfe 6 na safe ya kai sha biyu a jaka cikin rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai ba zafi ba sanyi, to ina ga zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Alale da wake da duk mai madara sun fi saurin lalacewa. A ajiye jakunkuna a inuwa, a ci da wuri, in ƙasan kula ya huce ya fara tsami kar a ba shi. Ruwan sha kuma kar a hana don gudun kai yaro bayi, balle mai sikila da ƙarancin ruwa yake tayar masa da ciwo.

Gori ma yana nan. Anti ta yaba wa mai Indomie da ƙwai da lemon kwali, ta yatsina fuska ga mai ɗumame ko ɗanwake, sauran yara su ɗauka su riƙa yi masa dariya, gobe ya ƙi buɗe kularsa, alhali ƙosai da awara da kunun gyaɗa sun fi biskit da lemo gina jiki nesa ba kusa ba.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kashi 57. Don haka in kin ga yaro kullum yana ramewa, gashi ya yi ja, ko ƙafa ta kumbura, wannan ya wuce ƙin cin abinci, ki ja uwar gefe a asirce ki ce ta kai shi asibitin sha-ka-tafi a auna damtsensa saboda tamowa. Sauran kuma in an tashi ki faɗa wa uwa gaskiya, yau rabi ya ci, yana son wake ba ya son yaji, gobe a rage masa yawan abin da ake zubowa.