Jirgin Bakin Teku Daga New York: Kurakuran Da Mutanenmu Ke Maimaitawa Duk Bazara

Duk shekara, da zarar watan Mayu ya zo ƙarshe zafi ya fara sauka a New York, sai wayata ta hana ni sakat. Wani sabon zuwa ne daga Kumasi, ko Yamai, ko Kano, ya ji an ce akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum har bakin teku, yana so ya fita da iyali su sha iska. Irin wannan tambayar ina murna da ita. Masu tayar mini da hankali su ne waɗanda ba sa tambaya, sai dare ya tsala su kira ni daga wata tasha da ko sunanta ba su iya faɗa ba, ana jiyo kukan yara a bayansu. Na gaji da maimaita magana ɗaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Jirgin da ake nufi shi ne Long Island Rail Road, wanda kowa ke kira LIRR. Tsohon kamfani ne, tun 1834 aka kafa shi. Yana tashi daga tashar Penn Station da ke Manhattan, tsakiyar birnin New York, kuma tun watan Janairun 2023 yana tashi daga sabuwar tashar Grand Central Madison. Daga hutun ƙarshen Mayu zuwa Litinin ta farko a Satumba akan ƙara jirage zuwa garuruwan gaɓar teku, saboda a lokacin ne birnin ke kwashewa zuwa can.

Tushen duk wata matsala abu ɗaya ne: mutanenmu suna ɗaukar wannan jirgi kamar jirgin ƙarƙashin ƙasa da suka saba hawa a Bronx. A can in wannan ya wuce ka, ka jingina da ginshiƙi, wani na tafe. A layin da ke zuwa Montauk, garin da ke can ƙarshen gabashin tsibirin Long Island, ba haka ba ne. Daga garin Babylon da ke kan hanyar zuwa gabas babu lantarki a layin, kan jirgi mai shan dizal ke jan taragai, kuma in an ƙara gaba layin dogon ma ɗaya ne tilo, mai zuwa da mai komowa sai sun jira juna a inda aka tanada. Saboda haka jiragen ƙalilan ne, tsakanin wannan da wancan kan kai awoyi, musamman a tsakiyar mako.

Ni a jikina na koyi wannan. Shekarata ta biyu a ƙasar nan, surukata ta zo mana ziyara, na ce sai na nuna mata teku na gaske. Laraba ce ranar hutuna, ƙarshen watan Yuni. Na duba jirgin tafiya, na saye tikiti, na shirya kular shinkafa da soyayyen nama, amma ko sau ɗaya ban kalli jadawalin dawowa ba. Muka isa Montauk, muka shimfiɗa tabarma, yara na wasa da yashi, Hajiya na zaune ƙarƙashin lema tana ta tasbihi tana kallon ruwa. Ni kuwa da rana nake auna lokaci, yadda na tashi na ga ana yi a gida: in rana ta yi sanyi a naɗe tabarma, kafin magariba a kama hanya. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a New York sai wajen ƙarfe takwas da rabi. Hasken da idona ya ɗauka na la'asar sakaliya ne, ashe bakwai ta gota. Ga shi tashar ba a bakin ruwan take ba, tafiya ce ta fiye da mil guda, da yara uku da tsohuwa da kaya. Ko da muka isa, jirgin ya tafi tuni, dandamali wayam.

Muka zauna a kan benci. Iskar teku da dare tana da sanyi ko a tsakiyar bazara, mu kuwa babu mai rigar sanyi ko ɗaya. Na cire taguwata na lulluɓe ƙaramar, matata ta rufe sauran biyun da mayafinta. Hajiya ba ta yi mini faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, ai da ka tambayi mutanen garin." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Jirgin da muka samu daga baya ya kai mu birni cikin tsakar dare, muka sake jiran na ƙarƙashin ƙasa, muka shiga gida ana gab da kiran assalatu. Washegari ban iya zuwa aiki ba, aka yanke mini kuɗin yini, Hajiya kuma ta kwana uku tana fama da mura. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa, jadawalin na manne a tashar tun safe, ni ne ban ɗaga kai na karanta ba.

Tun daga ranar ban ƙara hawa jirgin tafiya ba sai na rubuta lokacin jiragen dawowa guda biyu a takarda na sa a aljihu. A takarda, domin waya batirinta na mutuwa a bakin teku, yara sun yi ta ɗaukar hoto da ita. Na farkon shi ne nawa. Na biyun na ajiye ne don tsautsayi, ba na taɓa shi. Sannan nakan sa ƙararrawa awa guda cif kafin jirgin, in ta kaɗa babu wani "Baba saura kaɗan", a kakkaɓe yashi a tashi. Wasu abokaina na cewa awa guda ta yi yawa. Su ba su taɓa ɗaukar yaro mai barci a kafaɗa da kula a hannu suna gudu a titin da ba su sani ba.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne, kuma shi ya fi ba ni haushi, domin burga ce ke jawo shi. Mutum ya ji ana ambaton Hamptons da Montauk, wurin masu kuɗi, sai ya ce shi ma can za shi don ya ɗora hoto a Facebook. Ɗan'uwa, Montauk tana da nisan kimanin mil 117 daga Manhattan, awa uku ko fiye a jirgi. Zuwa da dawowa awa shida, ban da na ƙarƙashin ƙasa daga gidanka. Me ya rage a yinin? Ka wahalar da matarka, ka wahalar da yara, don zaman awa uku a kan yashi. Kuma a garuruwan Hamptons tashar na cikin gari ne, ruwan na can nesa, sai ka nemi tasi, tasin can kuwa kuɗinta ba na wasa ba ne. Hasumiyar fitilar Montauk da ake gani a hotuna, wadda aka gina a 1796, tana wasu mil shida gaba da garin. Na ga masu sauka daga jirgi suna waige-waige suna nemanta.

Alhali ga Long Beach nan kusa, ƙasa da awa guda daga Penn Station, jirgi mai lantarki, yana zirga-zirga a kai a kai har dare. In ka sauka, 'yan layuka kaɗan za ka taka sai ga ka a kan doguwar hanyar katako mai fiye da mil biyu, wadda aka sake ginawa bayan guguwar Sandy ta 2012 ta ragargaza ta. Teku ɗaya ne, Atlantika ce a nan, Atlantika ce a can. In da yara ko tsofaffi, ni Long Beach nake cewa a je, ba na ma sauraron gardama. Montauk ta wanda zai kwana ce. Sai dai ka sani a lokacin bazara ana biyan kuɗin shiga gaɓar Long Beach, ka sa shi a lissafinka tun daga gida, kada a tsayar da kai a ƙofa da mutum bakwai a bayanka.

Tunda na ambaci sunan, a kula: Long Beach daban, Long Branch daban. Ta biyun a jihar New Jersey take, jirgin NJ Transit ke zuwa can, kuma shi ma daga Penn Station yake tashi. Na san iyalai biyu da suka yi alƙawarin haɗuwa, kowanne ya yini a jiharsa yana kiran ɗan'uwansa a waya.

Sai maganar canjin jirgi. Kusan duk layukan LIRR suna haɗuwa a tashar Jamaica da ke Queens, kuma sau da yawa jirgin da ka hau a Manhattan ba shi zai kai ka ba, sai ka sauka a Jamaica ko Babylon ka shiga wani. Dalili kuwa, kan jirgi mai dizal zalla ba ya shiga ramin da ke kaiwa Penn Station. Mutanenmu sai su shiga, su baje, maigida ya kishingiɗa ya kama barci, a wuce da su wani layin. Idan mai duba tikiti ya zo kanka, buɗe baki ka tambaye shi inda za ka canza, kuma ka tambaye shi ko taragon da kake ciki yana buɗe ƙofa a tasharka, don wasu ƙananan tashoshin gabas dandamalinsu gajere ne, ba duk taragai ke samun wuri ba. Matambayi ba ya ɓata. Minti biyar kafin canji nakan tattara kowa da kayansa a bakin ƙofa, in riƙe hannun ƙaramin yaro da kaina, saboda akwai rata tsakanin jirgi da dandamali da ƙafar yaro kan iya zurmawa.

Tikiti ba shi da wuya, amma ana ta asara a kansa. Katin jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya aiki a nan. Ka saya a na'ura ko a manhajar TrainTime kafin ka hau, don saye a cikin jirgi ya fi tsada, kuma in a waya ka saya ka kunna shi kafin jirgi ya tashi. A ranakun aiki, jiragen da ke barin birni daga ƙarfe huɗu zuwa takwas na yamma kuɗinsu ya fi yawa, Asabar da Lahadi kuwa farashi mai sauƙi ne duk yini. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba ya biya, kuma akwai rangwamen iyali ga na sama da haka, amma sai ka nema.

Juma'a da yamma ba ranar mai iyali ba ce. Na san abin da ke jawo mu: an sauko daga masallaci, kowa cikin sabuwar shadda, zuciya ta yi fari, sai a ce mu wuce teku. A daidai lokacin ne rabin ma'aikatan Manhattan ke rububin fita. Shahararren jirgin nan Cannonball, wanda ba ya tsayawa ko'ina daga Penn Station sai Westhampton, ranar Juma'a yake tashi, kuma cike yake maƙil da masu jakunkuna. Haka yammacin Lahadi in ana dawowa. Ni safiyar Asabar nake fita, jirgin farko-farko.

A Penn Station ba a bayyana lambar dandamali sai saura 'yan mintuna, ka tsaya kusa da allo. A Grand Central Madison jirgin na can ƙasa da nisa, matakalar lantarkin doguwa ce ƙwarai, ka ƙara minti goma a lissafi. Mai son Jones Beach ya sauka a Freeport ya hau bas. Mai son Fire Island sai ya haɗa da jirgin fito daga Bay Shore, Sayville ko Patchogue, shi ma fiton yana da nasa lokacin rufewa, jadawali biyu ke nan za ka riƙe. Kada ka ɗauko tukunyar gas ko murhun gashi cikin jirgi.

Salla kuma ka yi mata tanadi. Darduma mara nauyi, gorar ruwa daban don alwala, ka duba alƙibla a waya tun kana da batir. Nisan Montauk ya haura mil 48 da malamanmu na Malikiyya ke ƙiyasta wa kasaru, na Long Beach bai kai ba. Ba ƙaramin baƙin ciki nake ji ba in na ga mutum ya tara azahar da la'asar da magariba ya kawo su gida, wai bai samu wuri ba, alhali yini ya yi a kan yashi mai tsarki.

Akwai abu ɗaya da ba na jirgi ba ne, amma jirgin ne ke kai mu gare shi. Yawancinmu 'yan tudu ne. Wanda ya iya iyo a kududdufi ko a dam ɗin garinsu yana ganin ya iya ruwa, teku kuwa ba sa'arsa ba ce. A wannan gaɓar akwai wata igiyar ruwa mai komawa ciki da ƙarfi, daga sama ba ta da alamar tashin hankali, wani lokacin ma wurin ya fi ko'ina lafawa, amma in ta kama ƙato sai ta yi ciki da shi. Samarinmu na da ɗabi'ar matsawa can nesa da jama'a don su sake, wato nesa da masu gadin ruwa ke nan. Kada ku yi. A shiga ruwa a gaban kujerar masu ceto, tsakanin tutocinsu, in sun tashi aiki da yamma kowa ya fito. Idan ruwan ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman tudu kai tsaye, ƙarfinka zai ƙare. Ka yi iyo a gicciye, kana bin tsawon gaɓar, har ka fita daga bakinsa, ko ka kwanta a kan ruwan ka ɗaga hannu a gan ka. Mata masu shiga da doguwar riga da zane su tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, tufafi in ya jiƙe nauyi gare shi. Yarana kuwa, ko babban da ya fi ni iya iyo yanzu, ba ya shiga sai ina tsaye a bakin ruwan ina kallonsa, wayata na cikin jaka.