Yadda Ake Shirya Kare Kafin A Fara Koya Masa Biyayya

Yawancin masu ajiye kare a Katsina domin gadi suke ajiye shi, kuma sau da yawa ba sa tunanin horo sai ya girma ya fara bin awakin maƙwabta ko yi wa baƙi haushi a zaure. Alhali aikin yana farawa ne tun yana ɗan kwikwiyo, domin tsakanin mako 3 zuwa 12 da haihuwa ne kare ya fi saurin sabawa da mutane da abubuwan da ke kewaye da shi.

Lafiyarsa ce farko. A kai shi asibitin dabbobi a ba shi maganin tsutsar ciki, a raba shi da kaska da ƙuma, sannan idan ya cika wata 3 a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, take sarrafawa. A adana katin allurar, a riƙa sabunta ta yadda likita ya tsara. Karen da ƙaiƙayi ko ciwon ciki ke damu ba zai saurari kowa ba.

Daga nan sai a keɓe masa wuri mai inuwa, nesa da inda ake salla da madafa, da kwanon abinci da na ruwa nasa shi kaɗai. A ɗaura masa abin wuya mai laushi yana yawo da shi a tsakar gida, har ya daina ƙoƙarin cire shi, kafin a haɗa da igiya.

Abin da ya fi wuya, a ganina, shi ne shirya mutanen gidan. Idan maigida yana cewa "zauna", uwargida tana cewa "kwanta", yara kuma suna kiransa da suna iri-iri, karen rikicewa zai yi, sai a ɗauka taurin kai ne. A zauna a tsayar da gajeren suna guda da kalmomi kaɗan, kamar "zo", "zauna", "tsaya" da "bari", kowa ya riƙe su haka. A kuma ja kunnen yara su daina jifansa, babba ma ya ajiye bulala, domin karen da ya saba shan duka yana koyon tsoron hannu, kuma tsoro ne ke kai kare ga cizo. A bar shi ya ga kaji da awaki da babura da almajiran da ke zuwa ƙofa, yana ɗaure a hannun wanda ya yarda da shi, a yaba masa duk lokacin da ya natsu.

Ladan da za a riƙa ba shi ƙananan yanka ne na dafaffen nama marar ƙashi. Kada a ba shi tsire ko kilishi saboda yaji, kuma albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare.

Lokaci ma abin lura ne, musamman da bazara, daga Maris zuwa Mayu, da zafi kan haura maki 40. A zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, kafin ya ci abinci, minti biyar zuwa goma kawai. Ranar da aka kira sunansa ya bar abin da yake yi ya juyo, ya isa a fara masa darasin "zauna".