Adabin Ingilishi ba a cin sa da hadda: kurakuran da yaranmu na lise suka fi yi

Ranar Laraba ana tashi lise, wato makarantar sakandare, da wuri, shi ya sa da la'asar yara shida zuwa takwas sukan taru a zaurenmu a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, mu shimfiɗa tabarma mu duba aikin gida na adabin Ingilishi. Yawancinsu 'yan aji huɗu ne da aji biyar a ɓangaren Ingilishi na makarantun harshe biyu, masu shirin jarrabawar GCE ta matakin farko wadda hukumar da ke Buea take shiryawa. A gida Hausa suke yi, a kasuwa Fulatanci, a ofis da asibiti Faransanci, Ingilishi kuwa sai an shiga aji. Yaron da ke ɗauke da harsuna huɗu a kansa ba wanda zai kira shi daƙiƙi. Amma sai ka ga ya ci 15 bisa 20 a lissafi, ya zo adabi ya kwaso 6, ya dawo gida yana cewa malamin ne ba ya son sa. Na daɗe ina duba takardun nan, kuma abin da ke kayar da su kusan iri ɗaya ne.

Uwar kurakuran ita ce rashin karanta littafin da kansa. Bara wata 'yar maƙwabcinmu ta zo da takardu huɗu na fotokofi, an taƙaita mata wasan kwaikwayon Macbeth na Shakespeare gaba ɗaya a ciki, ta ja layi da jan biro ƙarƙashin kusan kowace jimla. Na ce, "'Yata, ina littafin?" Ta ce, "Kawu, ai wannan ya wadatar, duk abin da ya faru yana ciki." Na tambaye ta a gidan wa aka kashe sarki Duncan, ta ba ni amsa daidai: gidan Macbeth. Sai na ce, to me Macbeth ya faɗa wa kansa kafin ya aikata, game da cewa sarkin baƙonsa ne? Ta yi shiru. Ga shi kuwa a kashi na ɗaya, fitowa ta bakwai, mutumin yana tsaye shi kaɗai yana lissafa dalilan da suka hana: sarkin ɗan'uwansa ne, ubangidansa ne, kuma baƙo ne da ya sauka a gidansa, wanda kamata ya yi ya tsare masa ƙofa. Duk Bahaushe ya san nauyin amanar baƙo. Wannan wurin da ta karanta shi, da ba sai an yi mata bayani ba. Taƙaitawa ta ba ta ƙashin labarin, naman kuwa yana cikin littafi, kuma a kan naman ake ba da maki.

Na san littafin yana da tsada ga wasu gidaje, wani lokaci ma ba a samun sa a Garwa ko Marwa sai an aika Yawunde. To a haɗa kuɗi mutum biyu ko uku a sayi ɗaya, a raba kwanaki. A nemi na hannu wajen waɗanda suka gama, amma a fara tabbatarwa da malami cewa shi ne a manhajar bana, domin hukumar takan canja littattafan da ta sa bayan 'yan shekaru. Sefar da ake zubawa a fotokofin taƙaitawa daga Satumba zuwa Mayu, in aka tara ta, sau da yawa ta kama hanyar kuɗin littafin.

Karatun kuma sau biyu ne aƙalla. Na farko a bi labari kawai, kada a tsaya buɗe ƙamus a kowane layi, don nan ne yara suke gajiya su ajiye littafin a shafi na goma. Na biyu da fensir a hannu. In wasan kwaikwayo ne, a karanta shi da baki a raba rawa, wannan ya zama sarki, wancan ya zama bafade. Shakespeare ya rasu tun 1616, don dandali ya rubuta wasanninsa, mutane suna tsaye suna saurare. Jimlar da ta gagara a ido takan warware in kunne ya ji ta. Ingilishinsa ma ba na yau ba ne: "thou" da "thee" kai ne ko ke, "wherefore" na nufin don me, ba ina ba, "presently" kuma a bakinsa yawanci nan take ne. Shafi ɗaya a bayan littafin rubutu ya isa a tara irin waɗannan.

Sai maganar hadda, wadda ita ce ta fi damuna, don a nan ne yaro mai ƙoƙari yake faɗuwa. Yaranmu sun tashi a makarantar allo, ƙwaƙwalwarsu ta saba riƙe abu harafi da harafi, kuma wannan baiwa ce da ya kamata a gode wa Allah a kanta. Kuskuren shi ne ɗaukar wannan hanya a kai ta inda ba ta aiki. Yaro zai haddace amsar da malami ya rubuta a allo a kan halin matar Macbeth, shafi biyu cur. Ranar jarrabawa tambaya ta zo a kan yadda matar ta canja daga farkon wasa zuwa ƙarshe. Yana ganin sunanta sai ya juye haddarsa kaf, ya fito yana murna. Mai duba takarda kuwa bai ga amsar abin da aka tambaya ba. An aike ka sayen gishiri ka dawo da sukari mai kyau, miya dai ba ta gyaru ba.

Ku ajiye hadda ga abin da ya cancance ta: gajerun maganganu daga bakin mutanen littafin, layi ɗaya ko rabin layi, biyar ko shida ga kowane babban mutum, tare da sanin wa ya faɗa, ga wa, a wane hali. Ɗan da ya haddace izu zai riƙe waɗannan a zama biyu. Amsa kuwa a ɗakin jarrabawa ake gina ta, bisa tambayar da ke gabanka. Kafin ka rubuta komai ka ja layi ƙarƙashin kalmar umarni. In an ce "describe" siffantawa ake so. In an ce "discuss" ko "how far do you agree", ra'ayinka ake nema, ka auna ɓangare biyu ka faɗi inda ka tsaya. In an ce "compare", to kowane sakin layi ya taɓa abubuwan biyu, kada ka gama da ɗaya sannan ka tuna da ɗayan a layin ƙarshe.

Wannan ya kawo mu ga abin da malamai suke yawan rubutawa da jan biro a gefen takarda, cewa yaro labari ya bayar. Mu mutanen tatsuniya ne, in muka kama "ga ta nan ga ta nanku" sai mun kai "ƙurunƙus". Amma mai duba takarda ya karanta littafin sau da yawa, ba ya buƙatar a sake ba shi. Bari in nuna bambancin da Hausa. Mai ba da labari zai rubuta: matar Macbeth ta zuga mijinta, ya kashe sarki, daga baya ta haukace tana tafiya cikin barci, sai ta mutu. Duk gaskiya ne, amma makinsa kaɗan. Mai amsa tambaya zai rubuta: marubucin ya nuna canjin matar ta hanyar ruwa da jini. A daren kisan, a kashi na biyu, ita ce mai ƙarfin hali, tana gaya wa mijin cewa ɗan ruwa kaɗan zai wanke su daga abin da suka yi. A kashi na biyar kuwa ga ta cikin barci tana ta murza hannu, tabon ya ƙi fita, tana jin ƙarnin jinin har yanzu. Abin da ta raina da farko shi ya cinye ta, kuma hakan yana nuna cewa laifin a zuciya ya zauna, inda ruwa ba ya kaiwa. Dubi yadda aka yi: an faɗi magana, an kawo hujja daga littafi, an bayyana abin da hujjar ta nuna. Kowane sakin layi na amsarka haka zai tsaya, a kan duwatsun murhu uku. In ɗaya ya rasa, tukunya ta kife.

Yaranmu suna da wata kunya a nan wadda nake so iyaye su gane. An tarbiyyantar da su kada su yi musu da babba, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai suna ɗaukar littafi da bayanin malami a matsayin babban da ba a ja da shi, don haka in aka ce "me kake gani", sai su ji kamar rashin ladabi ne su ce ga nasu ra'ayin. Wani yaro ya taɓa ce mini, "Malam, ni wa ne ne da zan ce Macbeth abin tausayi ne, bayan malaminmu ya ce mugu ne?" Na ce masa, kawo mini wuri biyu a littafin da suka sa ka ji tausayinsa. Ya kawo su. Na ce to rubuta, wannan shi ne aikin da aka ba ka. A adabi ba a hukunta ka don ka saɓa wa malami, ana hukunta ka ne in ka yi magana ba hujja.

Waƙa ita ce dodon kowa. Da an ba su baitocin da ba su taɓa gani ba sai su shiga farautar sunaye: nan akwai "simile", can akwai "metaphor", su jera kamar kayan tireda su tashi. Gano sunan rabin maki ma bai kai ba, abin da ake nema shi ne me ya yi a cikin waƙar. Ni da Hausa nake fara koya musu, domin duk kayan nan muna da su. Kamance ne, wato "simile", in ka ce wane kamar zaki. In ka ce wane zaki ne kai tsaye, siffantawa ke nan, wato "metaphor". In aka ce yunwa ta kama shi ta kayar, an ba yunwa hannu irin na mutum. Kambamawa kuwa duk wanda ya taɓa jin kirarin ɗan dambe ya san ta. Habaici, zambo, amsa-amo, jigo, salo, babu baƙo a ciki. Yarinyar da take gane habaicin da kishiyoyi ke jifan juna da shi a gidan biki ta riga ta iya gano magana mai harshen damo, Ingilishinta kawai za a ba ta. Ka karanta waƙar sau uku, ka faɗa wa kanka da Hausa a jimla ɗaya wa ke magana kuma me ke damunsa, sannan ka nemi kalmomin da suka sa ka ji haka. In layuka 14 ne, ka lura da inda maganar ta juya, yawanci wajen layi na 9 ko a layuka biyun ƙarshe.

Faransanci ma yana yi musu ƙafar ungulu ba su sani ba. Sukan rubuta "his husband" don a Faransanci "son mari" ake cewa, alhali Hausa ta bambance mijinta da matarsa sarai, kamar yadda Ingilishi ya yi. In ka rikice, koma Hausa ka duba. Sukan sa "actually" suna nufin a halin yanzu, su sa "history" a wurin "story", su kira mutanen littafi "personages". Kuma al'adar rubutu a kan adabi ita ce a yi magana kamar abin yanzu yake faruwa, kada a riƙa tsalle tsakanin jiya da yau a sakin layi ɗaya.

Kwafa daga waya ba sai na daɗe a kai ba. Amsar da ta zagaya a rukunin WhatsApp na aji, malami zai gan ta sau ashirin a dare ɗaya. Manhajojin nan masu rubuta wa mutum amsa kuma sukan ƙaga magana su jingina wa mutumin littafi, ka buɗe shafi ka neme ta ka rasa. Ranar jarrabawa a watan Yuni ba waya a ɗakin.

Akwai kuma abin da kusan babu mai yi, ga shi kyauta ne. In malami ya dawo da takarda, yaro maki kawai yake kallo, ya ninke ta ya tura jaka, wata rana a ƙunshe ƙosai a ciki. Jan biron da ke gefe shi ne darasin da aka yi maka kai kaɗai a aji mai cunkoso. Ka zaɓi sakin layi ɗaya da aka fi yi wa gyara, ka sake rubuta shi a daren, ka kai wa malamin ka ce, "Malam, don Allah a duba mini ko na gyara." Ban taɓa ganin malamin da ya ƙi wannan ba.

Lokacin karatu kuma sai an yi dabara da shi a ƙasarmu. Daga Maris zuwa Afrilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40, da rana kai ba ya ɗaukar komai, da dare a ɗauke wuta, ga azumi da a wasu shekaru yake faɗowa a wannan tsakanin. Makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu ma yakan tafi da kwanaki. Wanda ya bar littafinsa sai zango na uku zai sha wuya. Minti talatin bayan sallar asuba, kullum, tun daga Oktoba, ya isa a gama littafi sau biyu kafin zafi ya sauko.

Iyaye, ko ba ku jin Ingilishi akwai abin da za ku iya. Ku rage wa yarinya wanke-wanke da aike na wannan rabin sa'a, ku bar yaro ya baro shago kafin magariba ko sau uku a mako. Bayan isha ku ce ya ba ku babin da ya karanta yau da Hausa, in ya gama ku tambaye shi, "To kai a ganinka wa ke da laifi, kuma me ya sa?" Mahaifiyar yarinyar nan mai fotokofi haka ta riƙa yi, ita da ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Ranar da aka kai wurin murza hannun, ta ajiye tsintsiya ta ce a sake karanta mata, suka yi ta gardama da 'yar a kan ko mijin ne ya fi laifi ko matar har aka kawo wuta.