Yadda Ake Bambance Lafazin Turancin Ingila da na Amurka

Mai koyon Turanci yakan saurari labaran BBC ya fahimci kusan komai, amma da ya koma tashar CNN sai ya ji kamar an sauya masa harshe, alhali kuwa kalmomin suna nan yadda suke. Lafazi ne ya sauya, kuma kunne yana iya kama bambancin idan aka bi sautukan ɗaya bayan ɗaya. Lafazin Ingila da ake nufi a nan shi ne wanda masana ke kira RP, na masu ilimin kudancin ƙasar, na Amurka kuma shi ne gama-garin da masu karanta labarai ke amfani da shi.

Mataki na farko, wanda ya fi kowanne amfani, shi ne ka sa kunne ga harafin r idan ya biyo bayan wasali. Ba'amurke yana furta shi sarai a kalmomi irin su "car" da "hard" da "teacher", mutumin Landan kuwa yakan bar shi ya ja wasalin, sai ka ji "kaa" da "haad" da "tica". Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin kalmomin da muka ara daga Turawan mulkin mallaka sun iso mana ba r ɗin: "card" ta zama kati, "guard" ta zama gadi, "mark" ta zama maki, "motor" kuma ta zama mota. Abin sha'awa shi ne Amurkawa ne suka riƙe tsohon furucin, saboda Turawan da suka sauka Jamestown a 1607 sun tafi da r ɗinsu, sai a ƙarni na 18 ne barin ta ya zama ado a bakin manyan Landan. Sai dai kada ka yanke hukunci da wannan alama ita kaɗai. Mutanen Sikotland da Ailan da yankin Bristol suna furta r, yayin da tsofaffin mazauna Boston da New York suke barin ta, kamar yadda ake ji a jawaban Shugaba John F. Kennedy.

Bayan kunnenka ya saba da r, sai ka koma kan t da ke tsakanin wasula biyu, kamar a "water" da "better" da "city". A lafazin RP t ce tsantsa. A Amurka harshe yakan taɓa hanƙa sau ɗaya cikin sauri, sai sautin ya fito tsakanin d da r, har "writer" da "rider" su kusa zama abu guda. Akwai kuma hanya ta uku da ake ji a titunan Landan da Gilasgo, inda ake maye gurbin t da tsayawar murya a maƙogwaro, wato hamzar nan da muke yi a kalmar sa'a ko jama'a. Duk wanda ya iya cewa jama'a ya riga ya mallaki sautin da ke tsakiyar "water" a bakin ɗan gabashin Landan.

Mataki na uku shi ne wasula, kuma guda biyu sun isa a fara da su. A "hot" da "stop" mutumin Ingila yana kewaye leɓɓa ya yi gajeren o, Ba'amurke kuwa yana buɗe baki ya ce wani abu kusa da "haat" da "staap". A "bath" da "dance" da "ask" abin ya juya, domin mutumin kudancin Ingila ne ke jan a mai zurfi, Ba'amurke kuma ya karkata ta zuwa e. Haka nan a "news" da "duty", Ingila na saka y ta ce "nyuz", Amurka ta ce "nuz".

Daga nan sai ka buɗe littafi ka riƙa tara kalmomin da ba su bin wata ƙa'ida, waɗanda sai dai a haddace su. "Schedule" tana farawa da sh a Ingila, da sk a Amurka. Harafin ƙarshe na abacada "zed" ne a Ingila, "zi" a Amurka. Amurkawa ba sa furta h a "herb". "Lieutenant" kuwa "leftenant" ce a Ingila, "lutenant" a Amurka, kuma daga ta farkon muka samo laftanar. Ka lura da gaɓar da ake ƙarfafawa ma, domin a "laboratory" Ingila na danna ta biyu, Amurka ta farko. Ƙamus ɗin Cambridge da na Oxford da ke intanet suna ɗauke da muryoyin biyu a gefen kowace kalma, don haka ka danna ka saurari kowanne sau uku kafin ka maimaita.

Karin harshen yankuna shi ne mataki na biyar, kuma a ganina a nan ne mafi yawan ɗalibai ke shan wuya, musamman wanda ya je karatu arewacin Ingila yana tsammanin jin muryar BBC. A Manchester da Leeds ana furta "bus" da "cup" da wasalin u, kuma a ɗin "bath" gajere ne. A Liverpool k ta ƙarshen "back" takan goge maƙogwaro kamar harafin kha na Larabci. Ɗan gabashin Landan yana yar da h ta farkon kalma, ya kuma mai da "think" ta zama "fink". A kudancin Amurka, irin su Alabama da Texas, "ride" takan zama "raad", sannan "pen" da "pin" su fito iri ɗaya. Waɗannan fahimtarsu ake nema, ba kwaikwayo ba, kuma hirarrakin da ake yi da 'yan ƙwallon ƙafa bayan wasa wuri ne mai kyau na saba musu.

A ƙarshe ka zaɓi lafazi guda ka tsaya a kansa wajen magana. Wanda ya yi makaranta a Najeriya ko Gana zai fi samun sauƙi da na Ingila, tunda a kansa aka gina darasin furuci, amma jarrabawar gwada iya Turanci ta IELTS tana karɓar kowanne muddin ana gane abin da ka faɗa. Kafin ka damu da r ta Amurka, ka tabbatar kana raba p da f, domin rikita "pan" da "fan" ya fi hana fahimta nesa ba kusa ba. Ka ɗauki jimla guda daga bakin mai karanta labarai, ka naɗi muryarka a waya kana maimaita ta, ka saurari biyun a jere, sannan ka gyara sauti ɗaya kacal kafin ka wuce zuwa jimla ta gaba.