Idan aka kafa allo a fadamarku: yadda ake kai ƙorafi tun katafila ba ta shigo ba

A Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, aka haife ni, kuma duk wanda ya girma a bakin rafin nan ya san inda ruwa ke kwana idan aka tare masa hanya: cikin ɗakunanmu. Shi ya sa ranar da aka kafa allo a fadamar bayan gari, inda ƙanina ke noman latas da albasa, wai za a gina manyan rumbunan kaya, ban tsaya surutu a teburin mai shayi ba. Ga abin da na koya.

Fara da sanin me takarda ta ce game da filin. Je ofishin tsara gari na asambilin da ke da wurin, wato ƙaramar hukumar yankin, ka nemi taswirar yankin. Dokar tsara amfani da ƙasa ta 2016 ta ce sai da izinin asambili ake gini, kuma filin da aka ware a bar shi kore ba ya zama na masana'anta sai kwamitin tsara gari ya yarda a sauya. Takardar da sarkin gari ya ba mai gini ta fili ce kawai, ba izinin gini ba ce. Idan suka yi ta cewa ka dawo gobe, rubuta buƙatarka a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayani ta 2019. Kwana 14 gare su su amsa.

Daga nan sai EPA, hukumar kare muhalli. Babban aiki irin wannan yana buƙatar izininsu da rahoton illarsa ga muhalli, kuma idan jama'a suka nuna adawa sosai, ana iya kiran zaman sauraron jama'a. Ku roƙi wannan zaman a rubuce.

Yanzu maganar aiki, wadda a nan ne ake kayar da mu. Za su ce sun kawo wa samari aiki, kuma wallahi samarinmu na Asawase da Akwatia Line suna buƙata. Kada bakinka ya furta cewa ba ka son aiki, don ranar ka rasa rabin unguwa. Tambaya za ka yi. Mutum nawa za a ɗauka bayan birkiloli sun tattara kayansu? Rumbun kaya yana cin fili mai yawa, amma ma'aikatansa kaɗan ne. Masu lambu nawa za su tashi, da matan da ke sarar ganye a wurinsu? Me ya hana a kai ginin Kaase ko Asokwa, inda dama masana'antu suke? Ni a ganina wannan ta ƙarshe ta fi kowacce nauyi, don tana nuna wurin muke ƙi, ba aikin ba.

Wasiƙar kanta ta zama gajera: sunanka, inda kake zaune, wane fili, sai dalilai. Ambaliya, manyan motoci a hanyar da yara ke bi zuwa makaranta, saɓa wa taswira. Haɗa da hotunan damina masu kwanan wata. Kowa ya rubuta tasa da kalmominsa, wanda bai iya ba jikansa ya rubuta masa ya dangwala yatsa. Ka kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi ka dawo da ita gida. Wasiƙar da babu hatimi, gobe za a ce ba a gan ta ba.

Ku sanar da asambiliman, wato wakilin unguwa a asambili, da sarkin zango, ku roƙi liman ya faɗa bayan Juma'a. Kuma ku tafi tare da maƙwabtanmu Asante, kada a mai da abin rigimar 'yan zango da masu ƙasa. Idan suka yi shakka, tuna musu yadda gine-gine suka ci gefen dajin Owabi, wanda madatsarsa ke ba Kumasi ruwan sha.

Kada kowa ya taɓa injin mai gini ko ya biye wa 'yan tsaron fili. Idan ofis ya yi biris da ku, akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan'adam, akwai kotu. Tamu maganar tana gaban kwamiti har yanzu, kwafina mai hatimi yana cikin leda a ƙasan akwati, ƙanina kuma ya zuba sabon irin latas a satin nan.