Yadda za ka hana a-kori-kura durƙushewa idan ka yi lodi ko ka ja tirela

Shekara tara ke nan ina ɗauko masara daga Saminaka zuwa cikin Kaduna da Hilux ɗina, wani lokaci kuma in ɗaura mata ƙaramar tirela mai ɗauke da janareta da rumfunan biki. A Amurka irin wannan mota suke sa wa ɗaki mai taya su ja zuwa daji su kwana, amma matsalarmu da su ɗaya ce: baya ya zauna, gaba ya ɗaga kai sama. Da zarar haka ta faru, nauyi ya bar tayoyin gaba, sitiyari ya yi sakayau a hannu, birki ya rage kamu, fitila kuma ta koma haska idon masu tahowa maimakon kwalta. Ranar da na fara gane haka, kowace mota da na haɗu da ita daga Pambegua sai ta watso mini babbar fitila, ina ta zaginsu a raina, ashe ni ne mai laifi.

Abu na farko, ka nemi tef irin na kafinta. Tsayar da motar babu kaya a wuri mai shafe, ka auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke saman kowace taya, ka rubuta. Za ka ga baya ya ɗan fi gaba tsayi, haka aka ƙera ta don ta daidaita idan kaya ya hau. Bayan lodi ka sake aunawa. Ni dokata ita ce, in baya ya sauka har ya gaza gaba, ba za mu tashi ba. Ka leƙa ƙasa kuma: akwai wata roba tsakanin shasi da sandar tayoyin baya, in ka ga ta manne, sifirin ya gama aikinsa, duk ramin da ka shiga ƙarfe ne zai daki ƙarfe.

Sai lissafi, wanda shi ne yawancinmu ba ma so. Iyakar nauyin da motar za ta ɗauka yana cikin littafinta, wasu kuma an liƙa shi a jikin ƙofar direba. Hilux ba ta wuce kusan tan ɗaya ba, kuma a cikin tan ɗin nan har da kai, da yaron mota, da nauyin da wuyan tirela ya ɗora wa ƙugiya. Wannan nauyin ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tirelar da kayanta. Tirela mai kilo 1,500 za ta danne ƙugiya da kilo 150 zuwa 225. Daga tan ɗin cire kilo 200, cire mutum biyu, abin da ya rage buhun masara shida ne mai kilo 100. Na san za a ce ana zuba mata ashirin ta tafi. Tana tafiya kam, amma je ka Panteka ka ga yawan karyayyen sifirin da ake kawowa walda.

Wurin da kaya ya zauna ya fi komai. 'Yan dako sun fi son jibge buhu a bakin ƙofar bodi don sauke shi ya yi sauƙi. Kada ka yarda. Nakan ce wa yarona, “Kai Sani, tura su ciki su jingina da kan mota,” don nauyi ya faɗa a kan tayoyin baya ko gabansu kaɗan, hagu da dama daidai, a ɗaure da igiya. A tirela kuwa, kusan kashi 60 na kaya ya zauna gaban tayoyinta. Kuskuren da na taɓa yi shi ne mayar da janareta can ƙarshen tirela don bayan mota ya ɗago. Ya ɗago ɗin, amma muna wuce Maraban Jos tirelar ta fara wutsiya kamar kifi. In hakan ta same ka, kada ka taka birki da ƙarfi, ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe har ta natsu. Don sanin nauyin wuyan, sikelin 'yan hatsi ya isa: ɗora ƙafar jak ɗin tirela a kai, a daidai tsayin ƙugiya.

Iskar taya a duba ta da safe kafin taya ya yi zafi, a bi lambar da kamfani ya rubuta ta cikakken lodi, ba bugun ƙafar mai faci ba.

In ka yi duk wannan baya na zaune, to sifirin ya gaji. Ana iya canza shi, ko a ƙara masa ganye ɗaya, wato fallen ƙarfe ɗaya, ko a sa balan-balan na iska da ake hurawa gwargwadon kaya. Shokazoba sabo yana rage tsalle ne kawai, ba ya ɗaga mota. Duk waɗannan suna miƙar da ita, amma birki da taya da shasi suna nan yadda suke, iyakar nauyi ba ta ƙaru ba. Wani makanike ya taɓa ƙara mini ganye uku lokaci guda, motar ta tsaya ƙyam da lodi, amma in babu kaya sai ka ce a kan jaki kake, har Hajiya ta daina shiga. Na koma aka cire biyu.